Shucin da Aka Yanka Ɗanye

Mangaung, ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga taubashina Mokhele,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka 'Masebueng da yara da shanu. Yaya tarin nan da ka kwaso a ramin zinariya? Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ke yi mini ƙorafi duk lokacin da hadari ya haɗu. Tukwanen makarantar kwana da nake yi wa girki ba su rage girma ba, ni mai dafawar ce nake raguwa.

Bayan gaisuwa, maganar ɗakin marigayiya uwata ce. Da na zo Kirsimeti na kwana a ciki, ina kwance ina kallon taurari ta jinka. Ka ce mini in bari damina ta ja baya. To, ga ta tana ja. Nan safiya ta fara cizo, tsattsewa sun fara jeruwa a kan wayar lantarki suna shirin tafiya. In dusar ƙanƙara ta sauka a kan ruɓaɓɓiyar jinkar nan, tsaikon zai karye, kuma ka fi ni sanin dokar garinmu: ɗakin da ya zama kango filin mai gari ne, ita uwar garin ta ba wanda ta ga dama.

Ba na so in faɗa, amma sai na faɗa. Baɗi za su sallame ni daga aiki, wai na tsufa. Ba miji, ba ɗa, ba abin da na tara. Ɗakin nan kaɗai gare ni a duniya, kuma kabarin uwata yana bayansa. Wani lokaci tunanin yakan hana ni cin abincin da ni na dafa.

Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ba roƙo nake yi ba. Da an bi al'ada da kai ne mijina, Allah dai ya tsare ni, amma ko mijin wasa ai yana baibaye ɗaki. Ka wasa lauje, ka hau gangare, ka yanko shuci.

Zaman lafiya, ruwa, ƙoshi. Ruwan dai kada ya biyo ta jinkata.

Taka,
Moliehi

*

Ha Letuka, Lesotho, farkon Maris

Zuwa ga matata ta birni, Moliehi,

Takardarki ta iso, direban motar Alhamis ya kawo. Muna lafiya. Tari yana nan, mun saba da juna. 'Masebueng tana gaishe ki, ta ce in kina son mijin naki har yanzu ki aiko a ɗauka, ta gaji.

Taubashiya, birni ya cinye miki kai ne? Tun yaushe ake sa lauje a shuci dawa tana tsaye? Duwatsun hani suna nan a gangare inda mai gari ta sa aka tara su, an shafe su da farar ƙasa, ko makaho ya gani. Ba wanda zai yanki ko kara ɗaya sai dawa ta shiga rumbu. Wanda ya yanka ya kira ƙanƙara, haka muka taso muka tarar. Bana kuwa mutane a tsorace suke. Dawa ta yi kyan da rabonmu da irinsa tun kafin in bar rami, zangarniya ta sunkuya, ƙwaya tana cikin nono. Kullum da azahar hadari yana tasowa ta bayan tsauni, baƙi ƙirin, cikinsa kore-kore, ya tsaya yana kallonmu, sannan ya wuce. Mata sun daina shanya da tsakar rana. Shekaranjiya wata amarya ta manta ta shanya zani, tsofaffi suka yi mata caa har ta yi kuka.

Ki ƙara haƙuri kaɗan. Dare ya fara sanyi, mun ciro barguna daga akwati, shamuwa sun ragu a fadama. Da zarar an yanke dawa za a ɗage hani, ni ne zan fara hawa gangaren. Dusar ƙanƙara ba ta riga mu ba tukuna a shekarun da na sani.

Kada ki damu da ɗakin. 'Yata Sebueng ta dawo gida da goyonta, zaman nasu ya ƙi. Ita ke buɗe ɗakin tana sharewa, tana hura wuta a ciki saboda laima da ɓeraye. Na zuba kabewata a gefe guda, tunda wurin banza yake. Na ba direba takanɗa ya kawo miki, in bai shanye a hanya ba.

Zaman lafiya, ruwa, ƙoshi.

Mokhele

*

Mangaung, tsakiyar Maris

Mokhele,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Takanɗa ta iso, na gode.

Na karanta takardarka har sau uku, kuma kowane karo sai in ga wani abu da ban gani ba a baya. Wurin banza, ka ce. Ɗakin da aka haife ni a ciki ne wurin banza? Yau kabewa, gobe murhu, jibi kuma shimfiɗa. Ban san an fara tarewa ba sai da ka faɗa da bakinka.

Kuma ba kai kaɗai ke kawo mini labarin gida ba. 'Manthati da muke aiki tare, ƙanenta Tlali yana ƙetaren kogi, kuma ya zo nan makon jiya. Ya ce kowa ya san ka je wurin mai gari da hularka a hannu, ka tambaye ta, “In ɗakin Moliehi ya faɗi, wa za a ba filin?” Ka tambaya ko ba ka tambaya ba? Na ce masa ƙarya ne, taubashina ba zai yi haka ba. Ya yi dariya ya ce, “Uwa, mai 'ya a gida ba ɗaki, ai ba ya gaggawar gyara ɗakin wani.” Kunya ta rufe ni.

Yanzu na gane dalilin da ya sa dokar duwatsu ta yi maka daɗi haka. A da can, wa ya kai ka tsallake doka? Kai ne fa ka kora shanun kakanmu cikin makiyayar hani, ka ce iska ce ta kora su. Yau ka zama limamin al'ada. Za ka jira dawa, sannan ka jira sussuka, sannan tari ya tashi, sannan dusa ta sauka, sai ka rubuto mini, “Wayyo taubashiya, ikon Allah.”

Ka kwashe kabewarka. Sebueng ta bar hura mini wuta, ba na so. Ka sa kwado ka rufe. In laujenka ya dakushe, ba shi kaɗai ne lauje a ƙasar Lesotho ba.

Moliehi

*

Ha Letuka, ƙarshen Maris

Moliehi,

Muna nan da rai. Lafiya kuwa, sai dai ta jiki.

Na daɗe ban amsa ba saboda raina ya ɓaci, kuma ba na son in rubuta da ɓacin rai. E, na tambayi mai gari. Ban ɓoye ba, a gaban mutane na tambaya. Malamin asibitin dabbobi yana neman fili a garin nan, ya sha zagaya ɗakinki yana auna shi da ido. Na so in san inda aka kwana. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, na ce a raina in har zai fita daga hannunki, gara Sebueng da bare. Wannan tunani ne ya zo ya wuce, ban taɓa roƙon Allah ya kayar da shi ba. Na kwashe kabewa tun ranar da takardarki ta zo, na mayar da tsohon kwadonki, Sebueng ba ta ƙara taka ƙofar ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Talata da azahar hadarin nan bai wuce ba. Iska ta tsaya cik, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, sai muka ji ƙara daga tsauni kamar ana juye tsakuwa. Ƙanƙara ce, Moliehi, manya kamar ƙwan tantabara. Ba ta daɗe ba. Da muka fito, gonakin fadama sun zama fari fat, dawa a kwance, zangarniya a cikin laka. Tsohuwa 'Malerato ta zauna a kunyar gonarta tana tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya tana zubawa a zani. Ban taɓa ganin garinmu shiru haka ba.

Washegari maza suka hau gangare, suka tarar an aske shuci a bayan babban dutse, inda ba a hangowa daga gari. Suka bi karan da suka zuba a hanya, ya kai su har ƙofar ɗakinki. Aka kira ni na buɗe. Dammunan ɗanyen shuci ne a ciki, an jera su har kusan tsaiko, sun fara zafi suna wari.

Ba a fasa kwadon ba. Makulli biyu ne a duniya, ɗaya yana wuyana. Ina ɗayan, taubashiya?

An sa taron gari bayan Ista. Mutane sun daina amsa gaisuwata.

Mokhele

*

Mangaung, farkon Afrilu

Taubashina,

Ina gaisuwa, ina kuma jajanta muku. Allah ya mayar da alheri. Ka gaya wa 'Malerato na ji abin da ya same ta.

Amma a yi magana ta hankali. Nan Mangaung ma an yi ƙanƙara ranar Talatar nan, ta fasa tagogin ɗakin kwanan yara, kuma ba wanda ya yanki shuci a birnin nan. Ƙarshen damina ne, kowace shekara sai ta sauka a kan wani. Bara garin Ha Ramosa ta daka, wa aka kama? In sama ta yi niyya ba ta neman izinin lauje.

Makulli kuwa, ni ba na bin diddigin kowane ƙarfe da ke cikin jakata. Ba zan iya zuwa taron ba, yara ba su tafi hutu duka ba, kuma ba mai riƙe mini tukunya.

Shucin da aka samu, zai isa jinkar? In zai isa, kada a bar shi ya ruɓe a banza. A baza shi ya sha iska.

Moliehi

*

Ha Letuka, tsakiyar Afrilu

Moliehi,

Muna lafiya. Farar raɓa ta sauka daren Lahadi, ta farko a bana, ta ƙone ganyen kabewa da ɗan waken da ƙanƙara ta bari. Da safe ruwan kwatarniyar kaji ya daskare. Damina ta tafi ke nan.

Kin tambaya ko shucin zai isa. Wannan tambayar ta amsa mini tawa, ba sai na sake yi ba.

An yi taro a dandali, kowa a naɗe cikin bargo. Tun kafin mai gari ta zauna ake ta ce-ce-ku-ce. Wani ya ce, “Ai mai ɗakin za a tambaya!” Wata ta ce, “Tana can tana cin burodin Turawa, mu ta bar mu da laka.” Na ji mai gari tana gaya wa dattawa cewa in aikin mai ɗakin ne, to magana ta ƙare. Wanda ke zaune da mu in ya yi ɓarna a ci shi tara, ya ci yunwar tare da mu. Wanda ke nesa kuwa, ya aiko da masifa ba zai ɗanɗana ba, ba shi da sauran fili a Ha Letuka.

Sai na miƙe na cire hula na ce, “Uwar gari, ni ne.”

Ta dube ni ta ce, “Kai, Mokhele? Da wannan ƙirjin ka hau gangare ka sauko da dammuna?”

Na ce, “A hankali na yi ta yi.”

Tsoho Ralitšoene ya ce, “Tun yana yaro haka yake, ɓarawon makiyaya! Ni na san za a rina.” Aka yi dariya, ban da waɗanda gonarsu ke fadama.

An yanke mini tarar sa. Jan nan mai karyayyen ƙaho, na hannun dama a garma. An yanka shi a dandali, gari ya ci, aka fito da shucin aka ƙone a bakin kogi. Ban ci naman ba. 'Masebueng ba ta yi mini magana ba tun ranar, tuwo ma a ƙasa take dire mini kamar na kare. Ta san ba ni ba ne, don ta san inda nake kwana.

Ba na neman godiya. Ɗakin yana nan da sunanki, shi ke nan. An fara yankan abin da ya saura na dawar tudu, mako mai zuwa za a rushe duwatsun hani, zan hau in yanko busasshe. Sai dai ki sani, ɗakin nan ya ci sana ɗungurungum, yanzu ni ma ina da rabo a ciki. In kin dawo ki tanadar wa mijinki kujera kusa da murhu.

Zaman lafiya, ruwa, ƙoshi, ko da yake na ukun bana sai a hankali.

Mokhele

*

Mangaung, ƙarshen Afrilu

Mokhele,

Na samu takardarka. Ina lafiya.

Da na fara karantawa na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na zauna a bayan madafa na rufe fuska da gyale. Sai na kai ƙarshe, hawayen suka tsaya.

Kana da rabo a ciki. To, ga inda aka dosa tun farko. Na nuna wa 'Manthati, ta ce, “Ke ma dai! Wa kika taɓa gani ya ba da san noma saboda Allah, ana shiga hunturu, rumbu ba komai?” Na kwana ina juya maganar. Duk gari sun shaida ka yi asarar sa a kan ɗakin nan. Kai za ka yanko shuci, kai za ka baibaye. Baɗi in na sauko daga mota da akwatina, sai dattawa su ce, “Moliehi, mutumin nan fa ya zuba dukiya a nan, ga 'yarsa ba ɗaki, ku raba.” Wa zai tsaya mini? Ni da ba ni da kowa sai kai, kai ɗin kuma kai ne mai ƙarar. Da jira bai kayar da ɗakin ba, sai ka saye shi da sa, har ka samu sunan kirki a wurina kyauta.

Maganar da ka ce mai gari ta yi, ta ƙwace fili, daga bakinka kaɗai na ji ta. Matar nan tare muka yi rawar 'yanmatanci, uwata ce ta karɓi haihuwar ɗanta na fari. Ba za ta kore ni saboda ciyawa ba.

Don haka na rubuta mata da hannuna, na ba direba tun jiya. Na gaya mata ni na aika wa Tlali makulli, ni na sa shi ya yanka, kai ba ka san komai ba. Na ce tarar tawa ce, zan biya ka sanka kaɗan-kaɗan daga albashi, kowa ya shaida ba ka bin ɗakin uwata ko kara ɗaya. Gara in ɗauki laifina da kaina da in ɗauki alherin da zai fitar da ni waje.

In na zalunce ka, Allah ya gani. In kuwa ban zalunce ka ba, shi ma ya gani.

Moliehi

*

Ha Letuka, tsakiyar Mayu

Zuwa ga Moliehi,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya. Dusa ta sauka a kan tsaunuka, ba ta iso gari ba tukuna. An sauko da tumaki daga tudu.

Mai gari ta sa an karanta takardarki a dandali, tun daga gaisuwa har sa hannu. Da aka gama ba wanda ya yi tari, har ni. Sai 'Malerato ta tashi ta ce, “Ashe da makulli aka aiko mana da ita daga birni.” Ba ta ƙara ba, ta zauna.

Mai gari ta kira ni gaba. Ta ce, “Mokhele, ka tsaya a nan ka yi mana ƙarya.” Na ce haka ne. Ta ce, “Saboda me?” Na ce, “Taubashiyata ce.” Na roƙa, Moliehi. Na durƙusa a kan gwiwoyin nan a gaban yaran da na haifa, na ambaci sunan uwarki. Ta ce ta tuna uwarki sarai, amma ta riga ta faɗi doka a gaban gari, kuma gari da yunwa zai kwana bana. Ta ce filin ya dawo hannunta.

Malamin asibitin dabbobi yana wurin, har ya fara gyara zaman hularsa. Sai dattawa suka ce an ci san mutum bisa kuskure, kuma ba a amayar da nama. A ba Mokhele filin a madadin sansa, in yana so. In ba ya so, ga mai so.

Na karɓa. Ki ɗauke shi yadda kika ga dama, na gaji da yi miki bayanin zuciyata. Da wasa na yi maganar kujera, irin wasan da muke yi tun muna tsaron tsuntsaye a gonar kakanmu, kuma ban san ranar da kika daina gane muryata ba. Abin ya yi mini ciwo fiye da san.

Kada ki aiko da kuɗi, an riga an biya ni. Mun yanko busasshen shuci, mun baibaye ɗakin ni da surukin Ralitšoene. Tsaikon lafiyarsa ƙalau, da ya kai wata shekarar ma. Jiya an yi yayyafi mai sanyi, ko ɗigo bai shiga ba. Mai gari ta ce ba ta yarda a rufe shi da kwado a ajiye wa kowa ba, sai an ga hayaƙi kullum, don haka Sebueng ta tare da ɗanta. Tana share kabarin duk Asabar.

In sun sallame ki baɗi, ki zo. Sebueng ta ce za ta shimfiɗa miki tabarma ta wajen ƙofa. Ba a taɓa barin baƙo ya kwana a waje ba a Ha Letuka.

Mokhele